Ciwon Sukari: Magani Yana Farawa Daga Akushi

Jama'a, ku saurara. Bara wani magidanci a nan Nasarawa ya zo ɗakin shan maganinmu da gyambo a ƙafa, wata 3 bai warke ba. Ga yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa, ga rama. Na tura shi asibitin Gwamna Awan, aka auna jininsa, ashe ciwon sukari ne.

Ba sammu ba ne. Abincin da muka ci yakan zama sukari cikin jini, wani ruwan jiki, wai shi insulin, shi ke shigar da shi tsoka. In ruwan nan ya kasa, sai sukari ya taru, ya ɓata ido da ƙoda da ƙafa.

To, uwargida, rage masa malmalar tuwo, ki ƙara wake da zogale da miyar kuɓewa. Lemon kwalba da zuma da shayi mai sukari, a bar su. Ya ci abinci kan lokaci, kada ya yar da maganin likita, ya duba ƙafarsa kullum.

Mutumin nan ya kiyaye. Yau da ƙafarsa yake zuwa kasuwar Kakuri.