Kafin Ka Ce Sa'a Ce, Ƙirga Hanyoyin

Daga Gidan Rumji zuwa Agiye da Gazawa, duk inda jama'a suka taru ba a rasa maganar sa'a. Mata na jefa ƙuri'a kan wadda za ta fara kwasar adashe, samari na zura wa waya ido suna jiran sakamakon ƙwallo, manomi na duban gabas yana shawarar ko ya yi binne ko ya jira ruwa. Tambayarsu ɗaya ce: abin nan zai faru ko ba zai faru ba? Akwai reshen lissafi da ke amsa wani ɓangare na tambayar, wato lissafin yiwuwa, wanda 'yan lakwal suka sani da probabilité. Ɗan koleji da ya iya sau da rabawa ya isa ya riƙe tushensa, haka ma dattijon da bai taɓa zama aji ba amma ba a cutarsa a awon tiya.

Ƙa'idar gajeruwa ce. Ka ƙirga dukkan hanyoyin da abu zai iya faɗowa, ka ƙirga waɗanda kake nema a cikinsu, sannan ka raba na biyun da na farkon. Ƙwayar lido fuska shida gare ta, mai lamba 6 kuma guda ɗaya ce, saboda haka yiwuwar samun 6 kashi 1 ne cikin 6. Sharaɗi ɗaya ne tak: hanyoyin su zama nauyinsu ɗaya, babu wadda ta fi wata saurin fitowa.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne ƙirgar kanta. Jefa ƙarfen dala ashirin guda biyu sama. Kowane na iya faɗuwa ta gefen lamba ko ta gefen tambari. Mutane da yawa za su ce hanya uku ce: lamba biyu, tambari biyu, ko gauraye. Alhali huɗu ce, domin gaurayen iri biyu ne: na farko lamba na biyu tambari, ko na farko tambari na biyu lamba. Ke nan gauraye na da kashi 2 cikin 4, sauran kowanne kashi 1 cikin 4. Ba yara kaɗai ke zamewa a nan ba. D'Alembert, babban masanin lissafi na Faransa, ya yi irin wannan kuskure a rubuce a 1754. Maganinsa shi ne a jera hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, a allo ko a ƙasa da tsinke, kada a yarda da abin da zuciya ta raya.

Idan hanyoyin sun yi yawa, sai a koma ga sau. Wannan dabara tsohuwa ce. A Basra, a ƙarni na 8, Khalil bin Ahmad ya ƙirga yawan hanyoyin da za a iya jera haruffan Larabci domin kada wata kalma ta kuɓuce wa ƙamusunsa, Kitabul Ain. A 1654 kuma Pascal da Fermat suka yi musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin ya ƙare, daga nan lissafin yiwuwa ya tsaya da ƙafarsa.

Mu gwada dabarar sau a adashe. Mata huɗu sun rubuta 1 zuwa 4 a takardu, sun nannaɗe, kowace za ta ɗauki ɗaya. Sau da yawa ta ƙarshe kan yi ƙorafi cewa ragowa aka bar mata. Ta farko na da zaɓi 4, ta biyu 3, ta uku 2, ta huɗu 1. Huɗu sau uku sau biyu sau ɗaya, hanya 24 ke nan. A hanya nawa ne lamba 1 ke faɗawa hannun ta ƙarshe? Idan ta riƙe 1, sauran ukun za su raba takardu uku ta hanya 6. Shida cikin 24 kashi 1 ne cikin 4, daidai da na wadda ta fara ɗauka. Muddin ba wadda ta leƙa, rigimar wa zai fara miƙa hannu ba ta da tushe.

Inda wannan ƙirga ta fi tsada shi ne maganar aure da amosanin jini, wato sikila. Kowane mutum na gadon ƙwayar halitta ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa; A ce ta lafiya, S ce ta sikila. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma yana iya ba ɗansa A ko S, kamar dai ƙarfen nan mai gefe biyu. Idan miji AS ne mata ma AS, hanyoyin huɗu ne: A da A, A da S, S da A, S da S. Kashi 1 cikin 4 yaro ya zo AA, kashi 2 cikin 4 ya zo AS, kashi 1 cikin 4 ya zo SS, mai ɗauke da ciwon. Idan kuwa ɗaya daga cikin ma'auratan AA ne ɗayan AS, a jera hanyoyin a gani: babu SS ko ɗaya.

A nan ne wata mummunar fahimta ke jefa iyalai cikin wahala. Wasu na ɗauka cewa idan ɗan fari ya zo da ciwon, uku masu biyo shi sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru da na baya ba. Ana iya haifar huɗu duka lafiya, ana iya haifar biyu a jere da ciwon. Ga 'ya'ya huɗu, hanyoyin 256 ne, a cikinsu 81 kaɗai ne babu SS ko ɗaya. Ma'ana, irin waɗannan ma'aurata idan suka haifi huɗu, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai ciwon ta kai kusan kashi 68 cikin 100. A ƙasar da ake yawan auren zumunci da yawan haihuwa, gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa ya fi sauƙi nesa da jinyar shekaru.

Sai caca. Addini ya riga ya haramta ta, lissafi kuma na nuna dalilin da ya sa mai yin ta ba ya gaba. A cacar dawakin da ake tsere a Faransa ana yankar tikiti a nan, a ce dawaki 16 ne. Jera uku na farko bi da bi hanya 3,360 ce, wato 16 sau 15 sau 14. Jera biyar na farko hanya 524,160 ce. A ƙwallo, kowane wasa na da ƙarshe uku: ci, rashi ko kunnen doki. Wanda ya haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya ya zaɓi hanya guda cikin 59,049. Gaskiya ne wani doki ya fi wani gudu, wata ƙungiya ta fi wata ƙarfi, amma kamfanin cacar ya riga ka sanin haka, ya kuma rage ladan mai ƙarfin. Saurayin da ke cewa ya daɗe yana faɗuwa, yanzu lokacinsa ya zo, kuskurensa ɗaya ne da na masu zaton ciki na tuna na baya.

Wannan ƙirga tana da iyaka, kuma sanin iyakar rabin ilimin ne. Ruwan sama ko ya zo ko bai zo ba, hanya biyu ce, amma ba wanda zai ce yiwuwar ruwa a Tsibiri cikin watan Janairu rabi ce. Hanyoyin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. A irin wannan sai a koma ga abin da aka rubuta shekara da shekaru. Shi ya sa masana yanayi, irin na cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, ke ba da hasashen damina da kaso: yiwuwar ruwa ya haura yadda aka saba, ya zo daidai, ko ya gaza. Manomin Cadawa ko Gangara da ya ji an ce an fi sa ran damina mai kyau, kada ya ɗauka alkawari aka yi masa; ya ajiye iri ko da za a sake shuka.

Lissafin yiwuwa ba duba ba ne, ba ya kuma ja da ƙaddara. Gaibu na Allah ne. Abin da aka bar wa ɗan Adam shi ne ya yi amfani da hankalinsa kafin ya sa ƙafa. Malamai su riƙa shiga aji da ƙarfen kuɗi da ƙwayar lido, yara su jefa sau hamsin su rubuta, su gwada da abin da ƙirga ta ce. Iyaye su sa ɗan kolejin gidan ya zana musu hanyoyin nan huɗu na AS da AS kafin a tsayar da maganar auren yayarsa. Wanda kuma aka zo masa da wata harka aka ce riba tabbas, ya tambaya: hanya nawa ce gaba ɗaya, nawa ce tawa a ciki?