Ko Kun Sani? Wazirin da ya ga faɗuwar Daular Usmaniyya

Ko kun san Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari, jikan Waziri Giɗaɗo, ya yi wa Sarakunan Musulmi huɗu aiki, tun daga 1886 har rasuwarsa a 1910?

A 1893, bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman, shi ya naɗa Tukur sarautar Kano, naɗin da ya haddasa yaƙin Basasa. Amma jarrabawarsa mafi tsanani ta zo ne ranar 15 ga Maris 1903, da bindigogin Turawan Ingila suka tarwatsa rundunar Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli. Waziri kuwa ya tara malamai, ya tambaye su: a bi Sarki, ko a zauna da talakawan da ba su da ƙarfin tafiya? Suka ce ya halatta a sassauta wa mai rinjaye a zahiri muddin bai hana salla da azumi ba. Ya koma birni, ya riƙe muƙaminsa ƙarƙashin Attahiru na Biyu, ya kuma rubuta wasiƙa da Larabci ga ma'abota ilimi yana bayyana hujjarsa da damuwarsa. A ganina, zaman nan bai fi hijirar sauƙi ba.

Yana kan wazirci aka yi tawayen Satiru a 1906. Ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a shekarar, ya zama Waziri a 1948.