Jif ɗin manya: me ake saye da miliyoyin nan?

Hutun da ya wuce na je gida Gaya, muka raka wani yayana ɗaurin aure Ajingi. Ana cikin alwala sai ga baƙaƙen jif guda uku sun shigo a jere, gilashi mai duhu, ƙura na bin su. Nan take yara suka watse daga gindin masallaci suna ihun "V8! V8!" Ni kuwa da na yi shekara biyu ina karatun injiniyan kanikanci, sai na zagaya na duba bayan motar. Land Cruiser 300 ce. Injinta ma V6 ne mai tabo biyu, tun 2021 Toyota ta ajiye V8 a wannan ƙirar. Sunan ne kawai ya zauna a bakin mutane.

Abin da ya kamata mu gane, 'yan'uwa ɗalibai, motocin nan kashi biyu ne duk da a ido suna kama.

Kashi na farko su ne irin Land Cruiser da ƙanwarta ta ƙawa Lexus LX 600, da G-Class ta Mercedes wadda ta fito a 1979 tana aikin soja da daji. Waɗannan shasinsu daban ne, ƙarfe mai siffar tsani, sannan a ɗora bodi a kai kamar yadda ake yi wa babbar mota. Shi ya sa suke jure murɗiya a rami, ga tsayi daga ƙasa, ga tayoyi huɗu duk suna ja. A hanyoyin burji na ƙauyukanmu da damina, inda Sharon ke kafewa fasinja su sauko turi, wannan ƙira tana da hujjarta. Ban musa ba.

Kashi na biyu kuwa, su Bentley Bentayga ta 2015 da Rolls-Royce Cullinan ta 2018, ɗakin alfarma ne aka sa wa tayoyi. Cullinan injinta V12 ne, sunanta ma na wani dutsen lu'ulu'u ne da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Fata, katako, shiru. Kyau kam akwai, wallahi, musamman gaban nan mai tsaye kamar ƙofar fada.

Sai dai ga inda ado ke cin amanar aiki: rim. Mai kuɗi yana son rim mai inci 22 saboda ya fi cika ido. To rim in ya girma, roban taya sai ya sirance, iskar da za ta shanye dukan rami ta ragu. Faɗa rami ɗaya da gudu tsakanin Wudil da Gaya, taya ta kumbura ko rim ya lanƙwashe. Tsohuwar Hilux mai taya mai kauri ta wuce ka.

Ga mai. Tankin Land Cruiser 300 lita 110 yake ci. In lita ta kai naira dubu, cika shi sau ɗaya ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Wanda ya saya da guminsa, ba ruwana. Inda nake jin ciwo shi ne 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, aka raba wa 'yan Majalisar Tarayya jif-jif, ana kafa hujja da lalacewar hanyoyin mazaɓu. Da na faɗi haka a Ajingi, wani dattijo ya kalle ni ya ce, "Yaro, kai dai gama makarantar ka koyi gyaransu." Na ce masa sai da kwamfuta ake duba su, kuma na'urar ba mu taɓa ganin ta a wokshof ba.