Ciwon Haƙori Da Juna Biyu: Ƙarin Kuɗin Da Ake Gani Idan An Biya Da Kati

Uwargida, sau da yawa idan malamar awo ta duba bakin mai juna biyu ta tura ta sashen haƙori, maganar kan tsaya ne a wurin biyan kuɗi. An ce aikin naira kaza ne, an sa kati a na'ura, sai saƙon banki ya nuna an cire fiye da haka. Wani lokaci kuma na'urar ta ce ba a biya ba, alhali kuɗin sun riga sun fita daga asusu. Daga nan sai ran maigida ya ɓaci, ya ce a bari sai an haihu. Wannan jinkirin yana da haɗari, shi ya sa muka ga ya dace mu yi miki bayanin yadda biyan yake tafiya, da cajin da yake kan ƙa'ida da wanda ba ya kai.

Me ya sa ba a jira sai an haihu?

Juna biyu yana sauya sinadaran jikinki, kuma dasashi yana cikin wuraren da suka fi jin wannan sauyi. Yakan kumbura, ya yi ja, ya riƙa fitar da jini idan kina goge baki ko kina asuwaki. Aman laulayi kuma yana kawo ruwan ciki mai tsami da ke cinye bayan haƙori, don haka idan kin yi amai ki kurkure baki da ruwa, ki ɗan dakata kafin ki sa buroshi. Maganar da ake yi cewa jariri yana tsotse ƙarfin haƙoran uwarsa ba haka take ba. Abin da ke ɓata haƙori shi ne datti da zaƙi da rashin kulawa.

Wankin haƙori, ciko da cire haƙori duk ana yin su ga mai ciki, kuma allurar kashe zafin da ake yi a dasashi ba ta cutar da jariri. An fi son wata na 4 zuwa na 6, saboda laulayi ya lafa kuma ciki bai yi nauyin da zai hana ki kishingiɗa a kujerar likita ba. Amma haƙorin da ya tara mugunya ba ya jiran wata. Ciwon yana iya gangarowa ƙarƙashin haɓa da wuya har ya toshe numfashi, abin da zai jefa uwa da ɗan da ke cikinta cikin hatsari. Ga kuma shan magani barkatai: tetirasaikilin yana ɓata launin haƙoran jariri, ibuprofen da danginsa kuwa ba a so ki sha su, musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe, sai da izinin likita.

Abin da ke faruwa idan an sa kati

Na'urar POS ba ta riƙe kuɗi. Saƙo take aikawa. Da zarar kin danna lambar sirri, manhajar da ke cikinta za ta tura tambaya ta hannun kamfanin da ke haɗa bankuna, kamar Interswitch, zuwa bankinki: shin akwai wannan adadi a asusun? Bankinki ya cire kuɗin ya maido da amsa, sannan na'ura ta fitar da takarda. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan ne. Kowane kamfani da saƙon ya bi ta hannunsa yana da ɗan kason da yake karɓa. To wa zai biya wannan kaso, mai karɓar kuɗi ko mai biya? A nan ne ƙasashe suka bambanta.

A Amurka, inda yawancin asibitocin haƙori na 'yan kasuwa ne, mutane sun saba biya da katin bashi, wato banki ya biya a madadin mutum shi kuma ya biya banki daga baya. Tun daga Janairun 2013, bayan wata yarjejeniyar sulhu tsakanin 'yan kasuwa da kamfanonin Visa da Mastercard, aka ba masu karɓar kati damar ɗora wa mai biya wannan caji. Akwai manhajojin biyan kuɗi da ake sayar wa likitocin haƙori waɗanda ke gane nau'in katin su ƙara cajin da kansu. A Afrilun 2023 Visa ta rage iyakar ƙarin daga kashi 4 zuwa kashi 3 cikin ɗari, wato aikin dala 1,000 zai iya komawa dala 1,030. Ko a can ma da sharuɗɗa: sai an sanar da mai biya kafin ya biya, sai ƙarin ya fito daban a rasit, ba a kuma ɗora shi a kan katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusun mutum. Jihohin Massachusetts da Connecticut sun haramta shi. Ingila kuwa ta hana irin wannan ƙari a kan katunan jama'a tun Janairun 2018.

Mun kawo wannan ne don ki gane cewa katin da ke jakarki, Verve ne ko Mastercard ko Visa, galibi ba na bashi ba ne. Kuɗinki ne da kika ajiye yake cirewa, irin katin da ko a Amurka ba a yarda a yi wa ƙari ba.

Yaya abin yake a Najeriya?

A 2019 Babban Bankin Najeriya ya rage kason da ake cire wa mai karɓar kuɗi da POS zuwa rabin kashi 1 cikin ɗari, kuma kada ya wuce naira 1,000. A ce aikin haƙorinki naira 20,000 ne, kason bai wuce naira 100 ba, kuma daga kuɗin mai na'urar ake cire shi. A ƙarshen shekarar, da gidajen mai da kantuna suka fara ƙara wa mutane naira 50, Babban Bankin ya fito ya ce wannan nauyi na ɗan kasuwa ne, ba na mai saye ba. Saboda haka idan kika je asibitin haƙori mai zaman kansa, kashiya ya ce sai kin ƙara wani abu don kin biya da kati, kina da damar ki tambayi dalili, ki kuma nemi a rubuta ƙarin a rasit. Abin da aka ƙi rubutawa abin tuhuma ne.

Asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya hanyarsu daban ce. Daga 2015 aka umarci hukumomin tarayya su riƙa zuba kuɗaɗen shigarsu a asusun bai-ɗaya da ke Babban Banki, kuma manhajar Remita ce aka yi amfani da ita wajen tattarawa. Ita ce ke fitar da lambar nan mai alƙaluma 12 da ake kira RRR. A 2018 aka mayar da kuɗin hidimar wannan hanya a kan mai biya, naira 150 da harajin VAT a lokacin. Irin wannan caji tsayayye ne, na'ura ce ke lissafa shi, kuma za ki gan shi a rubuce. Abin da ya kamata maigida ya riƙe shi ne: kuɗin asibitin gwamnati ba sa shiga asusun wani mutum. Duk wanda ya ce a tura masa ta asusunsa zai sauƙaƙa layi, ko da sanye yake da farar riga, kada a tura.

Mai POS na bakin ƙofa kuwa sana'arsa yake yi, ladansa yake karɓa don ya ba ka tsabar kuɗi. Mun ga yadda ladan ya yi tashin gwauron zabo a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Idan teburin biyan kuɗi yana karɓar kati, cirewa a wurinsa ƙarin kashe kuɗi ne kawai.

Idan an cire kuɗi amma na'ura ta ce a'a

Wannan shi ya fi ɓata wa iyalai rai. Abin da ke faruwa shi ne bankinki ya cire kuɗin, amma amsar ta ɓace a hanya saboda matsalar sadarwa. Kashiya bai ga kuɗi ba, don haka ba zai iya ba da rasit ba, kuma faɗa da shi ba zai dawo da su ba. Kada a sake sa katin sau biyu sau uku a jere, don ana iya cirewa a kowane karo. A karɓi 'yar takardar da na'ura ta fitar ko da ta nuna an ƙi, a ɗauki hotonta da waya domin rubutunta yana gogewa, a kuma adana saƙon banki. Sau da yawa kuɗin kan dawo da kansu. Idan ba su dawo ba, bankinki za a je, ba asibiti ba. A 2020 Babban Banki ya rage wa'adin mayar da irin waɗannan kuɗi zuwa awa 72, kuma idan banki ya yi mako 2 bai warware ƙorafi ba, ana iya kai shi sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Kafin ranar aiki, ki roƙi a rubuta miki jimillar kuɗin, har da na hoto da na magani, don maigida ya zo da shiri, kuma yana da kyau a riƙe kati na biyu na wani banki idan akwai. Idan kuna da inshorar lafiya ta NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS a 2022, ko ta jiharku, a fara biyawa ta ofishinsu a ji abin da suke ɗauka na aikin haƙori da takardar da ake buƙata. Lambar sirrin katinki kuma ke ko maigida ne za ku danna, kada a karanta wa kowa.

Idan kuma kumatu ko ƙasan haɓa ya kumbura, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa sosai, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, kada a tsaya jiran kuɗin da suka maƙale a banki. A taho sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, a zo da katin awo, a kuma faɗa wa likita watannin cikin tun kafin ya rubuta magani.