Shasha: Yadda za a tuna da dattijo ta hanyar karrama ɗalibai

Tun kafin kiran assalatu manyan motoci ke jeruwa a bakin Kasuwar Shasha, a Ƙaramar Hukumar Akinyele da ke arewacin Ibadan. Tumatir da tattasai da albasa suke ɗauke da su daga gonakin Arewa, kuma kafin rana ta take kayan sun watsu cikin kasuwannin ƙasar Yarabawa. Tsakanin dillali da mai saye akwai wasu matasa da ba a cika ambatonsu ba. 'Ya'yan unguwa ne, haifaffun nan, masu jin Hausa da Yarabanci daidai wa daida. Wasunsu suna sakandare, wasu suna Jami'ar Ibadan, wadda ba ta da nisa da kasuwar. Idan harshe ya sarƙe su ne tafinta, idan takarda ta zo daga hukuma su ne masu karantawa.

Darajar wannan hidima ta bayyana a watan Fabrairun 2021. Cacar baki tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, ya sa dokar hana fita, gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka yi tattaki zuwa Ibadan. Daga bisani fataken abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashin tumatir da albasa ya yi tashin gwauron zabo har Legas. Rigimar da mai jin harsuna biyu zai iya kashewa a bakin rumfa ta zama damuwar ƙasa baki ɗaya.

Sasanci tsohuwar sana'a ce ga Hausawan Ibadan. An kafa unguwar Sabo a 1916, kuma littafin da Abner Cohen ya wallafa a 1969 ya nuna cewa cinikin goro da shanu a can ya ginu ne a kan maigida: shi ke saukar da baƙo, ya tsaya masa a bashi, ya horar da yaransa har su tsaya da ƙafafunsu. Shasha ta gaji wannan tsari. Shekaru masu yawa Alhaji Haruna Maiyasin Katsina, Sarkin Shasha kuma Sardaunan Yamma, shi ne ƙofar da ake ƙwanƙwasawa idan magana ta taso tsakanin baƙi da masu masauki. Rasuwarsa a watan Maris na 2025 ta bar tambaya: da me ake tunawa da irin wannan dattijo bayan an watse daga zaman makoki?

Akwai misalai a gida. Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har ya rasu a 1983, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Gidauniyar tunawa da Sardauna Ahmadu Bello da ke Kaduna tana tallafa wa ɗalibai. Ita kuwa hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973, tana da lambar yabo ta Shugaban Ƙasa ga waɗanda suka yi fice wajen yi wa al'umma hidima, kuma masu ita kan samu aiki kai tsaye a gwamnatin tarayya da tallafin ƙaro karatu. Darasin a fili yake: ana iya auna hidima, ana kuma iya saka mata.

Sai dai ɗan Shasha yana da nasa cikas, wanda ma'aikatan tarayya suka fi kowa sani. Tallafin karatu na jihohi ya rataya ne a kan takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Ibadan ba a ƙirga shi ɗan asalin Oyo, ƙaramar hukumar kakansa kuma mai yiwuwa bai taɓa taka ta ba. Rancen NELFUND da aka fara a 2024 yana rage nauyi, amma bashi ne, ba yabo ba.

Kyautar da za a kafa da sunan marigayin za ta iya cike wannan giɓi, muddin ta cika sharuɗɗa uku. Ma'auninta ya zama aikin da aka gani da ido, kamar koyar da ƙanne kyauta, ko tsabtace kasuwa, ko raka marar lafiya asibiti, ba sakamakon jarrabawa kaɗai ba. Ƙofarta ta zama a buɗe ga duk ɗalibin da ke zaune a unguwar, Bahaushe ko Bayarabe, fadar Sarkin Shasha da ta Baale su yi zaɓen tare. Kuɗinta kuma ya fito daga asusu mai amintattu, wanda 'yan kasuwa za su riƙa zubawa, domin kyautar da ta dogara da aljihun ɗan siyasa takan mutu da wa'adinsa.

Hadiman da ke rubuta wa iyayen gidansu saƙon ta'aziyya sun san cewa takarda kwana ɗaya take yi a jarida. Ɗalibin da aka biya wa kuɗin makaranta saboda ya raba faɗa kuwa, shi da ƙannensa za su daɗe suna tuna sunan wanda aka karrama shi dominsa.