Fatsar Kifin Tirawut a Tafkunan Sierra Nevada Cikin Hunturu: Haɗarin Hanya da na Ƙanƙara

A gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka akwai jerin tsaunuka da ake kira Sierra Nevada, masu ɗauke da dubban ƙananan tafkuna, da yawansu a tudun da ya haura mita 3,000 daga doron teku, kuma abin da ke jan masu fatsa zuwa can shi ne tirawut, wani kifi dangin salmon da ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi da tsabta da wadatar iskar oksijin. A lokacin zafi zuwa waɗannan tafkuna yawon shan iska ne, amma da zarar hunturu ya shiga sai lamarin ya sauya gaba ɗaya, domin tafkin yana nan inda taswira ta nuna shi, alhali lokacin da ake ɗauka kafin a isa, da wanda masu ceto za su ɗauka kafin su iso, duk sun ninka sau da yawa. Wannan bayani ya fi shafar ɗalibai da ma'aikata 'yan ƙasashe masu zafi da ke zaune a Amurka, waɗanda abokan aiki kan gayyata zuwa irin wannan fita, kuma sanyin da suka sani bai wuce na hunturun Kano ko Damagaram ba, inda ruwa ba ya daskarewa balle a taka shi.

Matsala ta farko ita ce hanya. Titin da ya ratsa mashigar Tioga, mai tsayin mita 3,031, wanda ke kai wa tafkunan Ellery da Tioga da Saddlebag, ana rufe shi da zarar dusar ƙanƙara mai yawa ta sauka, galibi a watan Nuwamba, ba a kuma buɗe shi sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. A shekarar 2023, bayan hunturun da dusar da ta zuba a tsaunin Mammoth da ke yankin ta haura mita 17, sai ranar 22 ga Yuli aka buɗe shi. Ma'anar wannan ita ce tafiyar da mota ke yi cikin rabin sa'a takan zama ta yini guda, a kan takalman sulu ko faffadan takalman da ke hana ƙafa nutsewa cikin dusa, ga kaya a baya, ga kuma sanyi da ke ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Salshiyas a duk hawan mita 1,000.

Kafin a ɗauki wannan wahala ya kamata a tabbatar cewa doka ta yarda kuma kifin yana nan. Manyan tafkunan gundumar Mono ta wannan yanki da jama'a suka fi zuwa suna da lokacin kamun kifi da ke farawa ranar Asabar ta ƙarshe a watan Afrilu ya ƙare 15 ga Nuwamba, wasu kuma ƙa'idarsu daban ce, don haka sai an duba dokar kowane tafki an kuma sayi lasisi. Abin mamaki shi ne akasarin tafkunan can sama asalinsu babu kifi a cikinsu, mutane ne suka kai shi, da farko a bayan alfadarai cikin ƙarni na 19, daga baya kuma ana zuba 'ya'yan kifin daga jirgin sama, sannan a 'yan shekarun nan hukumomi sun kwashe kifin daga wasu tafkuna domin ceto wani kwaɗo mai rawayar ƙafa da tirawut ya kusa ƙarar da shi. A tafki marar zurfi kuwa, idan dusa ta lulluɓe ƙanƙara ta hana hasken rana shiga, tsirran ruwa sukan daina samar da oksijin har kifin ya mutu kafin bazara.

Haɗari na biyu shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, wato ɓallewar tarin dusa daga gangaren tsauni ta gangaro da gudu ta binne duk abin da ta tarar. Tana yawan aukuwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, kuma abin da mai fatsa kan manta shi ne ba sai ya hau gangaren ba, domin hanyoyin zuwa tafki suna bin gindin kwazazzabai ne, daidai inda zaftarewar ke sauka. Akwai cibiya a gabashin Sierra da ke fitar da hasashen wannan haɗari a cikin hunturu bisa ma'auni mai matakai biyar, kuma an fi samun mace-mace a mataki na uku, saboda a mataki na huɗu da na biyar mutane kan zauna gida, a na uku kuwa sukan ce da sauƙi. Wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yakan rayu, bayan haka damar tana raguwa da sauri, shi ya sa kowa a cikin ayari yake buƙatar na'urar da ke aika sigina daga ƙarƙashin dusa, da dogon tsinken lalube, da shebur, tare da sanin yadda ake aiki da su.

Ƙanƙarar saman tafkin ita ce inda aka fi yaudaruwa. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota, inda fatsa ta ramin ƙanƙara ta zama al'ada, tana ba da shawarar kada mutum ya taka sai kaurin ya kai kimanin santimita 10, amma wannan ƙiyasi na sabuwar ƙanƙara ce garau mai kama da gilashi, ita kuwa farar ƙanƙara, wadda ta samu daga dusar da ta jiƙe ta sake daskarewa, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne. A Sierra dusar tana da nauyi ƙwarai, takan danne ƙanƙara har ruwa ya kutso ta tsaguwa ya kwanta a sama, sai a sami ɓawo mai tauri a bisa, da caɓi a tsakiya, da wata siririyar ƙanƙara a ƙasa, wanda ido ba zai iya tantancewa ba. Kauri kuma ba ɗaya ba ne a faɗin tafki: yakan ragu a mashigar rafi da mafitarsa, da inda idon ruwa ke ɓuɓɓugowa, da kusa da baƙaƙen duwatsu masu riƙe zafin rana, sannan a tafkunan da aka datse domin samar da lantarki saukar ruwa kan bar ƙanƙarar bakin gaɓa a tsattsage ko a rataye ba abin da ya tallafe ta. Saboda haka huda rami ɗaya a bakin tafki ba ya nuna komai game da tsakiyarsa, sai an riƙa hudawa ana aunawa a kai a kai.

A watan Fabrairun 1990 mutane bakwai suka nutse a tafkin Convict da ke wannan yanki, tafkin da mota ke zuwa har bakinsa: matasa uku da ƙanƙara ta rufta da su, da manya huɗu da suka shiga ceto, cikinsu har da ma'aikacin gandun daji da ɗan kwana-kwana na sa-kai. Dalilin da ya sa ruwan ke cin har ƙwararru shi ne zafinsa a ƙarƙashin ƙanƙara bai wuce digiri 0 zuwa 4 ba, kuma ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da ke faruwa da cewa mutum yana da kimanin minti ɗaya ya shawo kan numfashinsa da firgitar sanyi ta rikita, da minti goma kafin hannuwa da ƙafafu su daina aiki, da kusan sa'a ɗaya kafin ya suma, matuƙar akwai abin da ya riƙe kansa a saman ruwa. Wanda ya faɗa sai ya juya ta inda ya fito, tun da nan ne ƙanƙara ta ɗauke shi ɗazu, ya shimfiɗa hannuwa a kanta, ya harba ƙafafu har jikinsa ya kwanta, ya ja kansa da ƙusoshin riƙo guda biyu da ake ratayawa a wuya, sannan ya mirgina ya yi nisa kafin ya miƙe. Abokin tafiya kuma igiya zai jefa daga nesa, kada ya ruga bakin ramin.

Sauran haɗurran ba su da ƙara amma suna kisa. Daga tsayin mita 2,500 ƙarancin oksijin kan kawo ciwon kai da tashin zuciya da kasala, maganinsa kuma saukowa ne. Kunna risho ko na'urar ɗumama ta gas a cikin rufaffen tanti yana tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kashe mutum cikin barci. Wayar hannu ba abin dogaro ba ce, saboda babu sabis a yawancin kwazazzabai kuma sanyi yana shanye batir, don haka masu zuwa can kan ɗauki na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, su kuma bar wa wani a gida sunan tafkin da hanyar da za su bi da lokacin da ya kamata ya kira hukuma idan ba su dawo ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5 na yamma, jirgin ceto mai saukar ungulu kuma ba ya tashi cikin guguwa, saboda haka ayari yakan tsayar da sa'ar juyowa tun kafin a bar mota, ko an isa tafkin ko ba a isa ba.