Abin da Yaro ke Zuwa da Shi Aji: Harshen Hausa da Koyar da Sanin Halittu da Yanayi

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba wata matsala da ke gaban malamin ƙananan azuzuwan firamare a ƙasar Hausa, watau yadda zai koya wa ɗan shekara shida ko bakwai sanin abubuwa masu rai, da wuraren zamansu, da juyin yanayi. Tun da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya cikin 1976, aka kuma fito da manufar ilmi ta ƙasa cikin 1977 wadda ta ce a fara karantar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye inda yake zaune, an sha muhawara a kan harshen da ya dace. Jamhuriyar Nijar ma ta fara gwajin karantarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram tun 1973. Amma muhawarar takan tsaya ne a kan zaɓen harshe kurum. Ba a faye tambayar abin da shi harshen ya riga ya cusa wa yaro kafin ya tako ƙofar aji ba, alhali kuwa a nan gizo ke saƙar.

Bari mu fara da lokutan shekara. Na taɓa shiga wani aji na biyu, na tarar an manna zane a bango mai nuna lokuta huɗu irin na Turai, an rubuta sunayen Hausa a ƙarƙashinsu. Inda aka rubuta bazara, furanni ne da koriyar ciyawa. Inda aka rubuta hunturu kuwa, gida ne ƙanƙara ta rufe shi. Yaran sun haddace sarai. To, amma wane yaro ne a Katsina ko Maraɗi bai san bazara ba? Lokaci ne na zafin da ke hana barci a ɗaki, rijiyoyi sun ja baya, manoma suna sharar gona, ido na kallon gabas. Wannan zane, ko da yake da Hausa aka rubuta shi, abin da ya koya wa yaran shi ne maganar makaranta daban, abin da idonsu ke gani daban.

Bahaushe ya riga ya raba shekararsa: damina, kaka, ɗari ko hunturu, rani, bazara. A cikin daminar ma ya ware marka, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba wajen watan Agusta. Yana da hadari da gajimare da yayyafi, yana da hazo da raɓa da guguwa da holoƙo. Waɗannan kalmomi sakamakon lura ne na shekaru aru-aru, kuma sun dace da abin da masana yanayi suka bayyana. Iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce daga arewa maso gabas, mai ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ita ke kawo hunturu da hazo da kaushi. Ɗayar mai laima ce daga tekun Atlantika, ta kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu takan hau arewa ta kuma sauko, shi ya sa ruwa ke isa Kaduna kafin Kano, ya isa Kano kafin Agadas. Ba sai an faɗa wa yaro duk wannan ba. Ya isa a kafa sanda a filin makaranta, a ɗaura mata tsumma, kowace safiya yaro guda ya faɗi inda ya karkata. Amma malami ya shirya wa tambaya, domin mai wayo cikinsu zai ce ai hadari daga gabas yake tasowa. Gaskiyarsa kuwa: laimar daga kudu take zuwa, amma hadarin da ya haɗu yakan yi tafiya ne daga gabas zuwa yamma.

Haka al'amarin yake game da wuraren zaman halittu. Kalmar muhalli ta yi wa ɗan aji ɗaya nauyi, amma ya san fadama da tudu da jigawa da fako da kududdufi. Kududdufin bayan gari kaɗai ya ishi darasin shekara guda, in dai malami yana tare da yaran, don ruwa ba abokin wasa ba ne. Da ruwan farko ya sauka kwaɗi za su cika shi da kuka; ina suke da rani? Gaiwa ta fi kowa ba da amsa. Idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta riƙa shaƙar iska da huhu ta wata 'yar kafa, ta yi watanni a haka har damina ta komo. Ga shamuwa, wadda zuwanta bishara ce ga manomi: a nan take sheƙa ta yi ƙyanƙyasa da damina, sa'an nan ta wuce kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke mana. Ga kuma gawo, mai zubar da ganye da damina ya tofo da rani, saɓanin kuka. Dalilin ke nan manoma ke barinsa tsakiyar gona, tun da ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Yaron da ya bi waɗannan uku shekara guda ya gane cewa halitta da mazauninta da yanayi a sarƙe suke, tun kafin a ba shi sunan ilmin.

Kada dai a ɗauka cewa harshen gida ba ya da tarkonsa. Yana da shi, kuma malamin da ke ji da Hausarsa ya fi saurin faɗawa ciki. Ɗauki kalmar rai. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna tun 1926 cewa ƙananan yara sukan ɗauki duk abin da ke motsi a matsayin mai rai. Harshenmu kuwa yana ƙara ƙarfafa musu wannan zato, domin muna cewa wuta ta mutu, agogo ya mutu, kogi ya ci mutum. Ita bishiya, da ba ta motsi, mun fi cewa ɗanya ce ko busasshiya. Saboda haka idan aka ce wa yara su ware masu rai, kada a yi mamaki in sun sa mota da iska, sun bar dogonyaro. Gardama ba ta warware wannan. A ba kowane yaro ƙwayar wake da tsakuwa, ya binne su a gwangwani biyu, ya yi ta ba su ruwa har mako guda.

Rabe-raben halittu ma haka. A wurin Bahaushe ƙwaro ya haɗa fara da tururuwa da kunama da gizo-gizo, alhali masana sun fitar da biyun ƙarshe daga rukunin, saboda ƙafafunsu takwas ne, na fara da tururuwa kuwa shida. Jemage kuma an daɗe ana yi masa ba'a cewa ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. A ganina kuskure ne malami ya ce wa yaro rabon da ya koya a gida ba daidai ba ne, domin shi Bahaushe girman abu da yadda yake tafiya ya duba, su masana kuwa ƙirar jiki da yadda ake haihuwa. Abin da ya fi shi ne a bar wa yaro kalmarsa, a sa shi ya ƙirga ƙafafu, a kuma tambaye shi ko a garinsu an taɓa tsintar ƙwan jemage. In ya koma gida ya tambayi kakarsa, washegari zai zo da labarin cewa haihuwa yake yi yana shayarwa, kamar akuya.